Autar Da Aka Shayar

A motar Mai'adua zuwa Daura suka haɗu, kuma laifin hijabinta ne. Irin yadin nan ne mai santsi. Da Raihana ta yunƙura za ta sauka, sai ya yi tas-tas ya manne a hannun rigar saurayin da ke gefenta. Kunya kamar ta nutse.

"Kada ki damu, caji ne," in ji shi yana murmushi. "Gogar kujera ce ta tara shi. Abu biyu in cajinsu ya bambanta sai su jawo juna, in iri ɗaya ne su ture juna."

"To Malam, wa ya tambaye ka?"

Ashe malamin ne da gaske. Musaddiq sunansa, fiziks yake koyarwa a wata sakandare a Daura. Kafin damina ta fita ya san hanyar zauren Malam Audi, mahaifinta, ita kuma ta iya zancen caji kamar 'yar ajinsa. Kowa a gida Auta yake ce mata, shi kaɗai ke cewa Raihanata.

Ranar da ya gaya wa mahaifiyarsa, Inna Hadijatu, wadda yake son aura, sai tsohuwa ta dafe ƙirji.

"Autar Malam Audi, da muka yi maƙwabtaka a Sandamu? Ai ƙanwarka ce! Uwarta ta kwanta ciwo, ni na shayar da ita har ta warke."

Shi ke nan, magana ta mutu. Da rigimar dangi ce da an kai ruwa rana, amma wa zai ja da haramcin shayarwa? Mahaifiyar Raihana ta rasu tuntuni. Malam Audi ya tuna ciwon, sai dai wace 'ya aka miƙa wa maƙwabta, wannan sha'anin mata ne. Inna kuwa goyonta da yawa, ta kasa tuna da nonon wane ta haɗa.

Musaddiq ya nemi canjin wurin aiki zuwa Baure. Daga can ya turo saƙo:

"Raihanata, ashe cajinmu iri ɗaya ne, dole mu ture juna. Ina koya wa yara cewa in nisa ya ninka, ƙarfin jan yakan koma kashi ɗaya cikin huɗu. Na yi nisan, ban ga ya ragu ba."

Ta amsa masa:

"Ka daina kirana haka, Yaya. Zunubi ne."

Kalmar Yayan nan ta fi komai yi mata ciwo. Ta rame, ta daina fita zance, ta sallami duk wanda ya yi sallama. Addu'ar ma ba ta san me za ta roƙa ba, tunda ba a roƙon Allah ya halatta ɗan'uwa. Sai ta koma roƙon mantuwa, ita ma ba ta samu ba. Damina biyu suka wuce a haka.

Sai Malam Audi ya faɗi rashin lafiya. Murja, yayar Raihana da ke aure can cikin Nijar, ta zo jinya bayan shekaru ba a gan ta ba. Inna Hadijatu ma ta zo dubiya. Tana ɗaga labule ta yi turus, ta kama fuskar Murja da hannu biyu.

"Auta! Ke ce kika girma haka? Ga tabon goshin nan."

"Inna, ai na sauka daga Auta tun da aka haifi Raihana," in ji Murja tana dariya.

Ita kaɗai ta yi dariyar. Raihana ta sulale ta zauna a ƙasa, kofin kunun hannunta ya kife.

Aka kai maganar gaban limamin unguwa. Ya ce haramcin yana kan wadda ta sha nonon ne kawai, bai taɓa ƙanwarta ba.

Bayan sallar Juma'a aka ɗaura auren, Malam Audi na jingine da bango don bai iya zama sosai. Da aka kai amarya, Inna ta riƙo hannunta.

"Allah ya ba ku zaman lafiya da zuri'a ta gari. Shekara biyu ina kuka na raba 'ya'yana, yau ga shi na samu suruka."

Raihana ta buɗe baki za ta ce amin, kuka ya riga ta.