Ranar Da Orlandis Ya Ɗaga Hannu

Wajen ƙarfe huɗu na yamma ne a watan Yuni, ruwa ya ɗauke kenan, ƙasa tana ta tururi kamar an buɗe tukunya. A tsohon filin sakandaren garinmu, Opelousas, can kudancin ƙasar Amurka, Orlandis Guillory yana tsaye shi kaɗai, yana wurga ƙwallo sama yana cafewa.

Shekararsa ashirin da huɗu, shi ba dogo ba, ba ƙato ba. Kakar wasa biyu ya yi a wata babbar ƙungiyar ƙwallon Amurka can arewa, ya dawo gida hutu. A takarda mai cafe ƙwallo ne, amma ba kasafai ake jefa masa ba. Abin da ya sa suke riƙe da shi daban ne. In abokan karawa suka doka ƙwallo sama, shi ake turawa can baya ya tsaya shi kaɗai, idonsa a sama, ƙarti goma suna zuwa kansa a guje. In ya cafe sai ya ruga da ita. Doka ta ba shi mafita ɗaya: in ya ɗaga hannu ya kaɗa kafin ƙwallon ta sauko, ba mai taɓa shi, amma shi ma ba zai ƙara taku ɗaya ba. To, Orlandis ba ya ɗagawa.

"Kai, yaro! Matse gwiwar hannunka, za ta zube maka!"

Wani dattijo ne a jikin shingen waya, da silifas na cikin gida, rigarsa sharkaf. Orlandis ya matse, ya cafe, ya ji ƙwallon ta zauna daram.

Sai ga wata budurwa da kayan asibiti tana haki, lema a hannunta ba ta ma buɗe ba.

"Baba! Mun zagaye gari muna nemanka!"

Ta kama hannun tsohon, sannan ta dubi Orlandis sama da ƙasa.

"Kai kuma kana ganin tsoho a jiƙe, ka tsaya kana kallon sama?"

"Aikina kenan, ranki ya daɗe."

"To Allah ya ba ka aikin ƙasa."

Sunanta Renita Fontenot, jini take ɗiba a asibitin gari. Tsohon kuwa Alcide ne, mahaifinta, wanda shekara talatin da suka wuce ya yi irin aikin Orlandis, har yanzu hotonsa yana bangon shagon aski. Orlandis ya kai su gida a motarsa. Kafin ya kwanta saƙo ya shigo:

"Mai Kallon Sama, Baba ya ce gwiwarka ta gyaru. Mama ta ce an gode. Ni ban ce komai ba."

Ya mayar: "Nita, wannan ban-ce-komai ɗin naki ya fi min duk sauran."

Daga nan kowace Litinin yana gidansu cin jan wake da shinkafa. Su zauna a baranda, ita tana tsokanarsa wai kunnuwansa sun yi wa hular ƙarfe girma, shi yana dariya. Baba Alcide wani lokacin ya kira shi Orlandis, wani lokacin ya kira shi da sunan wani abokinsa da ya daɗe da rasuwa.

Ranar da ya furta maganar aure, mahaifiyarta, Mama Verna, ba ta ɗaga murya ba. Cewa ta yi ya biyo ta kicin. Kowace durowa da takarda a manne: cokula, kofuna, magani. A jikin firji ga hotonta, an rubuta a ƙasa da manyan baƙaƙe: VERNA, MATARKA.

"Ka gani, ɗana? Na auri mutumin da gari yake tashi tsaye in ya riƙe ƙwallo. Shi ma ba ya ɗaga hannu. Yau da safe ya tambaye ni cikin ladabi ko na ga matarsa." Ta goge hannu a zani. "Ba ƙinka nake ba. Amma 'yata ba za ta rubuta sunanta a firji ba. Desmond mai kantin magani ya daɗe yana nemanta, shi ba mai dukan kansa."

Orlandis ya sake duban hoton, ya fita.

A baranda Renita ta riƙe yatsunsa.

"Ban ce ka bar wasa ba. In sun matso, ka ɗaga hannu. Shi kenan."

"Nita, mai ɗaga hannu ba ya daɗewa. Akwai yara ɗari da suka fi ni tsawo, suka fi ni gudu. Abin da nake sayarwa kenan, rashin tsoro."

"To ni mai tsoro ce. Ka saya ko ka bari."

Ya ce, "Na yi alkawari."

A watan Agusta ya koma sansanin horo na ƙungiyarsu. Mutum casa'in ne, hamsin da uku kawai za a riƙe. Wasan gwaji na ƙarshe aka nuna a talabijin, su Renita suna falo. Aka doka ƙwallo, ta yi sama, ta daɗe. Kowa a falon ya ga mutum biyu sun iso gabansa. Renita ta miƙe tsaye, hannunta na dama a sama, ita ba ta ma sani ba.

Bai ɗaga ba.

Ƙarar haɗuwar har a talabijin an ji. Ya kwanta bai motsa ba, ƙwallon tana ƙirjinsa bai sake ta ba. Baba Alcide ya tafa ya ce, "Namiji!" Mama Verna ta kashe talabijin.

Renita ta rubuta: "Kana numfashi? Ka ce min e kawai."

Shiru. Washegari: "Mahaifiyarka ta ce ka farka. To ni me na yi?"

Abin da ba ta sani ba, likita ya karɓe wayarsa ya sa shi a ɗaki mai duhu, don haske yana sa shi amai. Kwana tara. Ranar da aka mayar masa da ita, saƙo na ƙarshe ya fara gani:

"Na gane. Kunya kake ji ko haushi, ban sani ba. Na ga hannunka, Orlandis, a ƙasa yake. Ina sonka, amma ina da uba ɗaya a gida, ba zan iya biyu ba. Kada ka kira."

Ya kira sau bakwai. Ya rubuta ya bayyana zancen ɗakin duhu. Amsa ɗaya ta zo: "Na yarda da wannan. Hannun fa?"

Ya ajiye wayar.

Sunansa ya fito cikin hamsin da uku. Koci ya dafa shi a gaban kowa ya ce irin wannan zuciyar yake nema. Orlandis ya sake samun abin da yake so tun yana ɗan shekara tara, ya koma ɗakinsa ya zauna a bakin gado da takalmi a ƙafa. Daga gida kuma labari yana zuwa cewa Desmond ne yake kai su Mama Verna coci ranar Lahadi.

Haka aka ci wata uku. Wata safiya a Nuwamba ya shiga kanti, ya ga jan wake a kan kanta, ya yi murmushi, ya ce bari ya tuna da ita. Fuskarta ta zo, dariyarta ta zo, lemar nan da ba ta buɗe ba ta zo. Sunan ne bai zo ba. Ya tsaya riƙe da ledar wake, zufa tana keto masa, har wata mata ta tambaye shi ko lafiya. Bai fi minti ɗaya ba sunan ya dawo. Ya fita ya zauna a mota yana ta maimaita shi.

Lahadin da ta biyo, aka doka ƙwallo sama. Sun matso, amma akwai 'yar kafa, in da can ne da ya bi ta. Ya ɗaga hannu ya kaɗa. 'Yan kallo suka yi masa ihu. Aka sake dokawa, ya sake ɗagawa. Mako na gaba ma haka. Ranar Talata wani ma'aikaci ya same shi a ɗakin canja kaya, bai iya kallon idonsa ba.

"Koci yana nemanka. Ka taho da littafin dabaru."

Duk ɗan wasa ya san ma'anar wannan: sallama ce. Jaka ɗaya ya dawo da ita garinmu.

Sai da ya yi mako biyu kafin ya iya taka barandar. Litinin ce da rana. Renita ce ta buɗe, ta rame.

"Mun gani," ta ce. "Baba ya ce wa ya koya wa yaron nan tsoro."

"Ina Desmond?"

"Yana kantinsa. Ya tambaya, na ba shi haƙuri. Kada ka ji daɗi, ba don kai ba ne." Ta dube shi. "Don ni ka ɗaga?"

Zai iya cewa e, da an wuce wurin. Amma ya gaya mata zancen kanti da ledar wake, bai rage komai ba.

"Likita ya ce wataƙila shi kenan, wataƙila kuma sai nan da shekara ashirin a gani. Ba wanda ya sani. Na makara, Nita. Na zo ne ki ji daga bakina, ba don ki karɓe ni ba."

Ta zauna a kan matakala ta yi kuka sosai, irin wanda ba ta yi ba ranar da aka buge shi. Shi yana tsaye, bai taɓa ta ba. Da ta gama ta share fuska da bayan hannu.

"Faɗi sunana."

"Renita Marie Fontenot."

"Kullum da safe za ka faɗa. Ranar da ka kasa, ni zan faɗa maka. Amma ba zan rubuta a firji ba, ka ji ko, Mai Kallon Sama?"

Mama Verna tana bayan ƙofar raga, ta ji komai. Ta daɗe tana kallon 'yarta, idonta ya cika.

"Ni ban ce na yarda ba," ta ce. "Cewa na yi wake yana hucewa."

A watan Afrilu aka ɗaura auren a ƙaramin cocin unguwarsu, lokacin Orlandis ya fara aiki a ma'aikatar shinkafa. Baba Alcide ya rako 'yarsa har gaban fasto, Mama Verna tana riƙe da ɗaya hannun nasa. Fasto ya roƙa musu zaman lafiya da tsawon rai da lafiyar jiki, jama'a suka amsa da ƙarfi. Mama Verna ta kama kan ango da hannu biyu ta sumbaci goshinsa.

"Allah ya tsare min wannan kan," ta ce. "Allah ya sa ku tsufa kuna sane da juna."

Ana cikin cin gumbo, miyar kuɓewar yankinmu, a ƙarƙashin bishiyoyi aka nemi Baba Alcide aka rasa. Orlandis bai gaya wa kowa ba, ya zagaya bayan coci. Ga shi can tsakiyar ciyawa, ƙafafu a ware, hannuwa a ƙirji, yana kallon sama yana jiran ƙwallo. Igiyar takalminsa ɗaya ta kwance tana jan ƙasa.

Orlandis ya durƙusa da kwat ɗin aurensa ya ɗaure ta, ya ƙara ƙulli na biyu.

Tsohon bai sunkuyo ba. "Matsa, yaro," ya ce, "kana tare min."

Orlandis ya matsa gefe kaɗan, ya tsaya kusa da shi.