Kyari Mai Ƙaho da Taken Bappayo

Da harara Kellu ta fara tarbar Kyari, kuma gaskiya shi ya jawo.

Jirgin ƙasa daga Kano ya iso Nguru da hantsi, a shekarar 1955. Kyari ya sauko rungume da wani ɗan baƙin akwati, ya waiga bai ga wurin ajiyewa ba, sai ya ɗora shi a kan kwandon banda. Mai kwandon kuwa tana tsaye a gefe.

"Malam, kifin nan na ci ne, ba teburi ba ne," in ji ta.

Ya ɗauke da sauri yana ba da haƙuri. Da ya ɗago ya dube ta, sai ya manta da sauran haƙurin.

"Me ke ciki da kake lallaɓa shi kamar jariri?"

Ya buɗe mata. Ƙahon tagulla ne mai maɓallai uku, yana ta sheƙi a rana.

"Au, ɗan badujala ne," ta ce, ta taɓe baki. Amma har ya yi nisa tana bin akwatin da ido, shi ma sai da ya yi tuntuɓe don waiwaye.

Kyari haifaffen Nguru ne, sai dai tun bai yi wayo ba kawunsa ma'aikacin reluwe ya tafi da shi Ikko. A can ya shiga makarantar koyon kiɗa, inda ake karanta sauti a takarda kamar yadda ake karanta boko, a can kuma ya kamu da son kiɗan jaz na ƙasashen waje. Ya dawo gida da abokan karatunsa biyu, Sabitu mai busa saksofon da Yuguda mai ganguna, suka kafa ƙungiya suka sa mata suna 'Yan Ƙarshen Dogo, don a Nguru layin dogo ya ƙare. Kowace Asabar suna wasa a kulob ɗin ma'aikatan tasha, sauran ranaku kuma suna damun maƙwabta da gwaji.

Kellu kuwa 'yar Alhaji Jumare ce, babban mai fataucin banda a Gashuwa. Ita ke rako kayan mahaifinta tasha, don ba ya yarda da kowa a kansu sai ita, ita ma ba ta yarda da kowa ba. Abin a jininsu yake.

Ba a daɗe ba soyayya ta ƙullu tsakaninta da Kyari. Sai dai tsakanin Nguru da Gashuwa akwai tafiya, don haka Dada direban motar kifi ya zame musu manzo. Ba ya ɗaukar takarda, da ka yake haddace saƙo, ya zo ya tsaya ya zazzage shi yadda aka faɗa.

"In ji Kyari: Kelluna, na busa ƙaho yau ina fuskantar gabas ko iska za ta kai miki."

"In ji Kellu: Malam Ƙaho, iska ba ta kawo komai ba sai ƙurar motar Dada. Kuma su wa ke zama a gaba in kana busa a kulob? Ka faɗa min gaskiya, ina da masu gani."

"In ji Kyari: Akawun awo ne da matarsa. Ko da sarauniya ce ta zauna, idona a rufe nake busa, ke nake gani."

Ranar da wannan ya isa, Kellu ta ce ƙarya ce, amma ta sa Dada ya maimaita mata.

Da magana ta kai gaban manya, Alhaji Jumare ya kira Kyari zaurensa a Gashuwa, ya ƙare masa kallo tun daga hula har takalmi.

"Wushe, sannu, yaro. An ce sana'arka busa."

"Haka ne, Alhaji."

"To ni ba na ba maroƙi 'yata. Wanda zai tsaya a ƙofar mutum yana wasa shi don a jefa masa riga, ba zai zama uban jikokina ba."

"Alhaji, mu ba ma roƙo. Ba ma wasa kowa, ba ma kiran sunan kowa. Kiɗan kawai muke, mai so ya saurara."

"Kiɗan da ba na kowa ba? Ban taɓa ji ba. Akwai abin da kake ɓoyewa."

"Ku zo ku gani da idonku. Ranar kasuwar Nguru za mu yi wasa a filin tasha da la'asar, a bainar jama'a."

Alhaji ya ce zai zo. Ya ƙara da cewa in ya ga alamar roƙo ko ɗaya, magana ta mutu.

Akwai kuma wani a gefe, Bappayo, ejan gyaɗa a Gashuwa, mai dukiya da son a san da shi. Ya daɗe yana neman Kellu tana kauce masa, Alhaji kuwa bai tilasta ta ba, amma bai kori Bappayo ba.

A ranar da Kyari ya fito daga zauren nan, ya bi ta kasuwar Gashuwa ya ji masu algaita suna wata busa da ta tsaya masa a rai. Gajeriya ce, tana hawa sannan ta gangaro kamar mai saukowa daga doki. Kafin motar Dada ta kai Nguru ya gama tsara ta a kansa. Suka yi ta gwada ta da Sabitu da Yuguda, suka yi mata ado irin na jaz, har ta zama mafi daɗi a cikin duk abin da suke da shi. Sabitu ya ce da ita ya kamata a buɗe wasa.

Kaico, karatun Ikko. An koya musu sunan kowane sauti, ba a koya musu cewa a ƙasar nan busa tana da mai ita ba.

Ranar kasuwa fili ya cika. Alhaji Jumare ya zauna a kujera a gaba, fuska ba walwala. Kellu tana cikin mata a bayansa. Kyari ya ɗaga ƙaho, ya lumshe ido, ya saki busar nan da dukan ƙarfinsa.

Mutanen Gashuwa da ke wurin suka fara kallon juna. Can sai wani ya ɗaga murya: "Bappayo na gyaɗa, sai kai."

Taken Bappayo ne. Shi masu algaita ke busa masa duk inda ya sa ƙafa, kowane yaro a Gashuwa ya san shi. Bappayo ya miƙe daga cikin taro yana washe baki, ya tako har gaban makaɗan, ya tuɓe babbar rigarsa mai aska ya yafa wa Kyari a kafaɗa. Wuri ya ɗauki shewa.

Kyari ya buɗe ido ya ga riga a jikinsa. Ya ɗauka jin daɗin kiɗa ne, har da ɗan rusunawa ya yi. Da ya duba kujerar gaba, babu kowa a kanta.

Washegari Dada ya zo, bai ko zauna ba.

"In ji Kellu: Kyari, ashe da riga ake sayenka? Ka kira ubana ya zo ya ga kana wasa mutumin da ke nemana. In kun shirya ne ka bar masa ni, da ka faɗa min da bakinka. Kada ka sake aiko min."

A nan Dada ya yi masa bayanin abin da ya busa. Zuciya ta ɗebi Kyari ya nufi Sabitu.

"Kai ka ce a buɗe da ita. Ka sani ko? Me Bappayo ya ba ka?"

"Ni da na girma a Ikko kamar kai? Wallahi ban sani ba," in ji Sabitu. "Amma tun da ya faru, ka tsaya ka ji. Ya aiko da safe, zai sayo mana sababbin kayan kiɗa daga Kano, mu zama ƙungiyarsa. Gangunan Yuguda duk faci ne, Kyari."

Kyari bai san ko ya yarda da rantsuwar ba. Yana son ƙungiyar nan kamar ransa, kuma ya san ba za su sake samun irin wannan tayi ba. Duk da haka ya naɗe rigar ya hau motar Dada.

A tsakiyar kasuwar Gashuwa ya tarar da Bappayo a rumfarsa, ya ajiye masa rigar a gaban mutane.

"Na busa takenka bisa rashin sani. Ga rigarka, kayan kiɗan ma mun gode. Ba zan ƙara busa shi ba."

Fuskar Bappayo ta sauya. "Ba a mayar min da kyauta, yaro. Za ka gani."

Ya kuwa gani, don cikin mako guda duk 'yan kasuwar da suka yi alkawarin gayyatar ƙungiyar bukukuwansu suka janye. Sabitu ya daina yi masa magana sai ta kama.

Labari ya kai wa Kellu. Ta tare shi a bayan rumfar banda, idonta jajur.

"Ɗan Nguru guda, ka ce ba ka san take ba? Wa zai yarda?"

"Kelluna, ban sani ba."

"Kada ka ce min Kelluna. Wa ya sani ko mayar da rigar ma cikin shirin ne?"

"To me zan yi ki yarda?"

Tana son ta yarda, tsoro ne ya hana ta. "Ban sani ba," ta ce a hankali, ta juya ta tafi tana share ido da gefen mayafi.

Abin da ta yi shi ne ta je ta durƙusa gaban mahaifinta. "Baba, ban ce ku yarda da shi ba. Ni ma ban gama yarda ba. Ku gwada shi kawai, in maƙaryaci ne ni da kaina zan kore shi."

Alhaji ya aika a kira Kyari bayan azahar. Ya zaunar da shi a zaure, ya yi ta jan sa da hirar farashin kifi, Kellu kuwa tana laɓe a bayan ƙofar cikin gida. Suna cikin haka sai algaita da ganga suka tashi a waje. Alhaji bai ɗauke ido daga fuskar Kyari ba.

Kyari ya karkata kai yana saurare, yatsunsa na motsi a kan gwiwa.

"Biki ake a maƙwabta, Alhaji?"

"Me ka ji?"

"Mai algaitar gwani ne, numfashinsa dogo. Sai dai busar kanta ba ta kai waccan ta kasuwa daɗi ba, tana maimaita abu ɗaya da yawa. Da ni ne, da na rage mata wutsiya."

Kellu ta dafe kai a bayan ƙofa.

"Taken ubana ne," in ji Alhaji. "Shi na gada."

Kyari ya ji kamar ƙasa ta tsage ya shige. Ya zame daga tabarma yana neman kalmar ban haƙuri, sai ya ga kafaɗun Alhaji suna rawa. Dariya ce ta ci ƙarfin dattijon, har da hawaye.

"Maroƙi ko yana jinya ya ji wannan a zaurena zai miƙe ya yi kirari. Maƙaryaci kuma zai ce ya fi kowane daɗi. Kai kuwa ka zo neman 'yata ka ce a yanke wa taken ubana wutsiya." Ya goge ido. "Kai ba maroƙi ba ne, yaro. Baƙo ne kai a garinku. Ka turo manyanka."

Da Kyari ya fito, Kellu na jiransa a soro na biyu, tana dariya tana kuka.

"Malam Ƙaho, ban taɓa jin daɗin wautar mutum ba sai yau."

"Yanzu an yarda in ce Kelluna?"

"An yarda. Amma duk busar da ka tsinto a hanya, ni za ka fara kawo wa in faɗa maka mai ita."

Bayan kaka aka ɗaura aure a Gashuwa. Alhaji ya kafa sharaɗi ɗaya, ango ba zai taɓa ƙaho ba ranar bikinsa. Sabitu, wanda ya huce har ya zama babban aboki, shi ya ja ƙungiya da gangunan Yuguda masu faci, 'yan Gashuwa suka yi ta rawa da kiɗan da ba na kowa ba. Kyari na zaune cikin babbar riga yana cije leɓe duk sanda aka yi kuskure. Da ya tashi zai shiga gaida surukai, masu algaita suka bi shi da wata busa har ƙofa.

Washegari da safe Kellu ta kawo masa kunu ta zauna kusa da shi.

"Wadda aka busa jiya da za ka shiga gida, ta wace ce?"

Ya sha jinin jikinsa. "Wallahi ban sani ba. Kuma ban ce komai a kanta ba, da shaidu."

"Taka ce. Baba ya sa aka tsara maka. Ya ce surukinsa ba zai yi ta yawo a ƙasar nan ba shi da take ba."

Kyari ya ajiye ludayi. Ya bar garin nan yana yaro, ya dawo ana kallonsa kamar baƙo, yau ga shi an ba shi abin da ake ba ɗan gida. Idonsa ya ciko, bai ɓoye ba.

"Ki rera min ita, Kelluna. Jiya ban saurara da kyau ba."

Ta rera masa a hankali, shi kuma ya bi ta har ya iya.

Allah ya sa albarka a gidan Kyari da Kellu, ya ba su zuri'a mai jin magana, ya kuma raba su da zargi har tsufansu.