Waƙar da Ta Nuna Ƙofarmu

"Ka tsaya ka dube ni, Dawson. Ajiye jitar nan."

Bai ajiye ba, ya dai daina kaɗawa. Na miƙa masa alewar da na ƙwace daga hannun Nola, 'yarmu mai shekara huɗu. Na ce masa wani ƙato ne mai lambar motar jihar Texas ya ba ta ta saman shinge, ya kira ta da sunanta, ya ɗauke ta hoto. Ni ina bayan gida ina shanya.

Wai masoyan waƙarsa ne, ba sa nufin komai.

Masoya! Shekara tara mijina yana yawo da tsohuwar motarsa daga wannan mashaya zuwa waccan, yana waƙa ga mutum goma, rabinsu sun juya masa baya. Ban taɓa ƙorafi ba. Sai da Allah ya kawo waƙar da ta karɓu, sai ta zamo wadda Dawson ya zuba mu a ciki gaba ɗaya: gidan kakansa mai ruwan ɗorawa, kwanar da ke bayan gadar ƙarfe in ka fito daga garin Tahlequah, da Nola tana lilo a gindin bishiya. Ko makaho ya ji baitin zai kawo kansa ƙofarmu.

Na roƙe shi ya sauya baitin. Ya ce tun daga mahaifinsa, ba a ƙarya a waƙa a gidansu, abin da ka rayu shi kake rerawa.

"Shelby, masoyiyata, don ita na rubuta..."

"Don ita? Yarinyar da yanzu ko motar wasiƙu ta tsaya sai ta shige ƙarƙashin tebur?"

Surukata Darlene ta kira ni a waya, wai in yi haƙuri, matar mawaƙi ba ta da labule. Na ce mata ni na zaɓi auren mawaƙi da idona biyu, Nola kuwa ba wanda ya tambaye ta. Washegari na haɗa kayanmu muka koma gidan mahaifiyata.

Ranar Asabar da la'asar yana da wasa a bikin gari. Ban yi niyyar zuwa ba, amma na bar Nola wajen Mama na je na tsaya can baya, kusa da masu gasa masara. Da aka zo ƙarshe jama'a suka fara kiran waƙar. Ya matso kusa da makirufo, ya ce yarinyar da ke cikinta mutum ce, tana jin tsoro, don haka ba zai ƙara rera ta ba.

Sai wani ya ɗauko baitin farko, na kusa da shi suka amsa. Kafin ka ce me, mutum dubu suna rera sunan 'yata da hanyar gidanmu, suna tafi, suna murmushi, kamar alheri suke masa. Yana tsaye hannuwansa a sake. Na ga lokacin da ya gane waƙar ta fita daga hannunsa, sai ya sauka daga dandamalin ana cikin amshi.

Da yamma ya iso gidan Mama, idanunsa jajur. Ban ba shi kujera ba. Ya ce zai bar gidan kakansa, mu nemi wani can nesa. Na san a wancan gidan aka haifi mahaifinsa, na san abin da maganar ta ci masa, amma ban ce masa kada ya yi ba.

Nola ta leƙo daga bayan siket ɗina.

"Baba, sabon gidan... mutanen za su san shi?"

Ya durƙusa har ƙasa.

"Ba wanda zai sani, 'yar lelena. Ko jitata ba zan gaya wa ba."