Ƙarin Girman da Debby Ta Ƙi

"Kin ƙi?! Da bakinki kika ce musu ba kya so?"

Mama Celina ce ke wannan tambaya, tana tsaye a tsakiyar falonta na Kamazou, hannu a ƙugu. Ga turamen atamfa jibge a kujera, ankon da 'yan Zumuntar Mata za su sa ranar da za a yi godiya a coci. Tun da ta ji ƙishin-ƙishin cewa kamfanin sola zai naɗa 'yarta Debby shugabar shiyya, ba ta jira takarda ba, ta garzaya ta sanar da Fasto. Mama Celina ke nan, ba ta da mugun nufi, amma wajen azarɓaɓi ba a kama ƙafarta!

Debby ta sunkuyar da kai. "Mama, likita ya ce jinina ya hau. Shekarata ashirin da takwas fa! Jiha uku za su ɗora mini. Na roƙi a mayar da ni sashen horar da sababbin ma'aikata, can ma akwai ci gaba."

"Hawan jini? A ofis, cikin sanyin esi? Ni da na shekara ashirin ina auna hatsi a kasuwar Sabon Tasha, rana na dukana, na faɗi ne? Na san wanda ya kitsa miki wannan. Jethro ne! Malamin makaranta ya hango za ki fi shi, shi ne yake jan ƙafarki."

"Haba Mama, don Allah..."

"Rufe mini baki! Danginsa da za su zo sa rana Asabar ɗin nan, ki gaya musu kada su wahalar da takalmansu."

Debby ta fashe da kuka, kuka mai cin rai. Shekara uku suna tare da Jethro, yau ga shi kalma ɗaya za ta rushe komai.

Da yamma Jethro ya zo, ya durƙusa har ƙasa ya gaida Mama, ta kawar da kai kamar ba da ita yake ba. Abin ya yi masa zafi, amma da Debby ta rako shi bakin get sai ya ce, "Kada ki yi musu da Mama. Son ki ne ya yi mata yawa. Mu yi haƙuri, Ubangiji yana gani."

Ranar Litinin Mama ta yanke shawara ita kaɗai. Ta zuba faten acca a kula, ta tari Keke Napep, sai ofishin su Debby. Niyyarta ta roƙi oga ya yafe wautar yarinya, ya mayar mata da kujerar. Aka ce oga yana mitin, ta zauna a benci tana hango 'yarta ta cikin gilashi.

Tabɗi! Waya a kunne, wata wayar na ruri a tebur. Wani mutum ya tsaya a kanta yana zazzaga masifa a kan batirinsa da ya mutu, ita kuwa sai "sori sa, sori sa" take yi. Sau ɗaya ta leƙo. "Mama, lafiya? Minti biyar, ina zuwa!" Minti biyar ɗin ya zama awa huɗu. Fate ya huce. Mama ta lura tun da ta zo, yarinyar ko loma ɗaya ba ta sa a baki ba.

Wajen ƙarfe uku sai ga Jethro, gumi sharkaf, da gorar ruwa da ƙullin magani. Bai ma ga Mama ba. Ya tsaya bakin tebur har sai da Debby ta haɗiye ƙwayar.

Wata ma'aikaciya mai suna Janet, da ta zo ɗibar ruwa kusa da bencin, ta ce, "Mama, kin yi dacen suruki. Wata huɗu ke nan, kullum ya tashi daga makaranta a Gonin Gora sai ya biyo, don in ba haka ba mantawa take yi da shan maganin. Ranar da ta yanke jiki ta faɗi ma, shi ya kai ta asibiti."

"Ta faɗi?! Yaushe?"

"Au, ba su gaya miki ba? To ai shi ne ma ya yi ta koya mata amsa tambayoyin intabiyu. Ya fi kowa murnar ƙarin girman nan, kafin likita ya yi magana."

Kunya ta rufe Mama, tausayi ya cika mata ciki, hawaye suka zubo ba ta sani ba. Daidai nan oga, Mista Wilfred, ya fito.

"Mama, an ce kina son ganina?"

Ta miƙe tana share ido da bakin zane. "E, ranka ya daɗe. Roƙo na zo yi. Wurin da yarinyar nan ta nema, ka taimaka ka mayar da ita can. Yanzu kuma a ba ta minti goma ta sa wani abu a cikinta."

Mista Wilfred ya ce, "Gaskiyarki, Mama. Mu ma da laifinmu. Yau zan sa hannu."

Sai ta juya wajen Jethro, wanda ya riga ya durƙusa. "Tashi, ɗana. Na ɗauki alhakinka, ka yafe mini. Ka gaya wa mutanenka Asabar tana nan, su zo da wuri."

Debby ta rungume mahaifiyarta a gaban kowa, suna kuka suna dariya.

An yi biki, kuma bayan shekara biyu Debby ta zama shugabar sashen horarwa, da lafiyarta garau. Haƙurin Jethro ya biya shi, domin da ya mayar wa Mama da baƙar magana ranar nan, da ya rasa matarsa. Ku kuma iyaye, kafin ku tambayi 'ya'yanku wace kujera aka ba su, ku fara tambayar ko sun ci abinci. Kujera in ta rasa mai ita, washegari za a ɗora wani. Uwa kuwa in ta rasa 'yarta, ba ta da inda za ta samo wata.