Kujerar Kaka a Jirgin Sama

Akwai wata yarinya da 'yan gidansu ke kira 'Yar Sanda. Ba don komai ba sai don ba ta yarda da kowa. In fensirinta ya ɓace, ƙanenta ne ya ɗauka. In mai shago ya yi mata murmushi, to akwai abin da yake shiryawa. Ko kyanwar maƙwabta ba ta tsira daga zarginta ba.

A wani hutu aka yi wa kakarta aiki a gwiwa, a garin da kawunta yake zaune. Yarinyar ta je ta zauna da ita har ta ji sauƙi. Da lokacin komawa gida ya yi, likita ya ja musu kunne. Ya ce kada Kaka ta daɗe da ƙafarta a lanƙwashe. In ta daɗe, gwiwar za ta kumbura, aikin ya lalace.

Saboda haka Kawu ya daure ya saya wa Kaka kujerar gaba a jirgin sama, irin mai faɗin nan da mutum ke miƙe ƙafa. Tana da tsada ƙwarai. Ita kuwa yarinyar, kujerar baya aka saya mata.

Kawu ya raka su filin jirgi. Ya karɓo musu katin shiga jirgi, ya zaunar da Kaka a keken marasa lafiya. Da suka kai inda 'yan rakiya ke tsayawa, sai ya danƙa wa yarinyar katunan.

"Ki riƙe su da kyau," in ji shi. "Kada ki ba kowa sai ma'aikata. Babanku zai tarye ku a can."

Ai kuwa ya faɗa wa mai so. Ta ƙanƙame katunan, ta shiga ɗakin jira tana kallon kowa ɗaya bayan ɗaya.

Nan idonta ya faɗa kan wata mata mai baƙin tabarau. Matar tana tsaye a gaban kantar kamfanin jirgin, tana magana ƙasa-ƙasa da ma'aikaci. Ta miƙa masa wani abu. Ya duba, ya yi dariya, ya miƙa mata kati. Yarinyar ta ce a ranta, wannan ba a banza ba. Wa ke sa baƙin tabarau a cikin ɗaki in ba mai ɓoye wani abu ba?

Ba a jima ba aka kira Kaka a lasifika. Yarinyar ta tura keken zuwa kantar. Ma'aikacin ya ƙi haɗa ido da su. Ya ce su yi haƙuri, kamfani ya sayar da kujerun gaba fiye da waɗanda ke cikin jirgin. An mayar da Kaka baya, kusa da jikarta. Ya canza katin, sannan ya miƙo wata 'yar takarda, wai ta shan shayi ce kyauta.

Yarinyar ta yi masa bayanin gwiwar Kaka da abin da likita ya ce. Ya ɗaga kafaɗa, ya ce ba shi ya tsara ba. Kaka ba ta son hayaniya. Ta ce su bari kawai.

Yarinyar ta waiga. Mai baƙin tabarau tana nan gefe, ta kasa kunne. Shi ke nan, magana ta ƙare a wurin yarinyar. Wannan matar ce ta ba da cin hanci aka ƙwace kujerar Kaka.

Suna komawa wurin zamansu, sai ga matar ta biyo su.

"'Yata, ina son magana da kakarki," in ji ta.

"Barci take yi."

Kaka kuwa ido kawai ta lumshe. Kunnenta ya ɗan yi nauyi, ba ta ji komai ba. Matar ta ce ba laifi, za ta dawo.

Da aka fara layin shiga jirgi ta sake zuwa. Ta ce maganar kujera ce, ta roƙi yarinyar ta nuna mata katin Kaka. Yarinyar ta tura katin cikin aljihu. Wato ta cinye kujera, yanzu kuma katin take so? Ba ta bari matar ta ƙarasa ba.

"Kaka ta ce ki rabu da mu. Ba ta son ganinki."

Ƙarya ce tsagwaronta. Matar ta ja da baya. Ta ce a ba Kaka haƙuri, ta juya ta tafi. Yarinyar ta ji daɗi har cikin ranta. Gani take ta kori ɓarauniya.

Kujerar baya ta matse ƙwarai. Da ƙyar ma'aikaciyar jirgi ta taimaka Kaka ta zauna. Gwiwarta tana dungurin kujerar da ke gabanta. Jirgi ya tashi, ya shiga gajimare, ya yi ta girgiza. Aka hana kowa tashi, aka ce kowa ya bar bel ɗinsa a ɗaure. Haka aka daɗe ana tafiya.

Da farko Kaka tana yi wa jikarta wasa. Ta ce, "Ƙawata, an cusa mu kamar kaya a jaka." Can sai wasan ya tsaya. Ta fara cije leɓe. Gumi ya tsattsafo a goshinta. Yarinyar ta taɓa gwiwar, ta ji ta yi zafi, ta kumbura har bandejin ya ɗame.

Tsoro ya kama ta. Ba ta taɓa ganin hawayen Kaka ba sai ranar.

Da girgizar ta lafa, yarinyar ta nuna wa ma'aikaciyar gwiwar, ita kuma ta tafi gaba da sauri ta ɗebo ƙanƙara. Ba ita kaɗai ta dawo ba. Mai baƙin tabarau tana biye da ita. Wannan karon matar ba ta tsaya wurin yarinya ba. Ta durƙusa gaban Kaka, ta ɗaga murya don ta ji.

"Mama, ki taso ki zauna a kujerata. Tun a ƙasa nake so mu yi musaya. Da aka ce ba kya son ganina, sai na ji nauyin matsa miki."

Kaka ta juya ta dubi jikarta. Yarinyar ta ji kamar ƙasa ta tsage ta shige, ga shi kuwa ƙasar ta yi nisa.

Aka tallafi Kaka zuwa gaba. Matar ta zauna a kujerar baya, kusa da yarinyar. Ta cire tabarau ta goge. Idonta ɗaya ya yi ja, yana ta hawaye. Ashe ciwon ido take yi, haske ne ba ta so.

Yarinyar ta tattara ƙarfin hali ta tambaye ta abin da ta ba ma'aikacin nan. Matar ta ce fasfonta ne. Hoton ciki ne ya ba shi dariya, don tun tana siririya aka ɗauka. Ita ma kuɗinta ta biya na kujerar gaba, tun da daɗewa. Ba ta san an sayar wa wani ba sai da ta ji ana yi wa Kaka bayani.

"Ni na yi ƙarya, Anti," in ji yarinyar tana kuka. "Kaka ba ta ce komai ba. Na zaci ke kika ƙwace kujerarta. Ki yafe mini."

Matar ta dafa kan yarinyar, ta ce ta yafe. Ta ce ta ga yadda take kula da kakarta, kuma hakan ya burge ta. Sai dai da ta bari an gama magana, da Kaka ba ta sha wannan wahala ba.

Da suka sauka, Baba yana jiran su. Yarinyar ba ta ɓoye masa komai ba, har da nata laifin. Baba ya gode wa matar, sannan suka wuce ofishin kamfanin gaba ɗaya.

Manaja ya saurare su yana juya biro. Ya ce ai daga baya Kaka ta zauna a gaba, kuma an ba ta takardar shayi. A ganinsa babu sauran magana. Baba zai amsa, sai yarinyar ta ɗaga hannu kamar a aji. Ta nemi izini cikin ladabi.

"Ranka ya daɗe, kujerar da Kaka ta zauna ba ku kuka ba ta ba. Anti ce ta ba ta tata. Mutum biyu suka biya ku, kujera ɗaya kuka bayar."

Manaja ya ajiye biron. Ya kira ma'aikaciyar jirgin, ta tabbatar da maganar, ta faɗi yadda gwiwar ta kumbura. Daga nan ya sauko. Ya ba Kaka haƙuri. Ya ce za a mayar mata da abin da aka ƙara na kujerar gaba, a kuma biya ta diyyar wahalar da ta sha. Kaka ta ce ba za ta motsa ba sai an yi wa matar nan ma adalci, tun da ita ma ta ɗanɗana zaman baya. Manaja ya amince.

Daga filin jirgi asibiti suka nufa. Yarinyar ta tsaya a bakin ƙofa tana jira. Likita ya daɗe yana duba gwiwar. Da ya ɗago sai ya ce aikin bai lalace ba. An miƙe ƙafar a kan lokaci, kumburin zai sace in ta huta. Yarinyar ta ruga ta rungume Kaka.

A mota Baba ya ce da ita, "Neman haƙƙi abu ne mai kyau, kuma yau kin nema yadda ya dace. Amma kafin ki zargi mutum, ki tambaya, ki saurara. Zargi ba tare da hujja ba yana cutar da marar laifi, yana kuma cutar da wanda kike son karewa."

Ta ce ta ji, ba za ta sake ba. Kaka ta miƙe ƙafarta a kujerar baya, ta ɗora ta a cinyar jikarta. Yarinyar ta riƙe ƙafar da hannu biyu har suka isa gida.