Garin Da Ba Shi Da Lamba

Ranar da Nasira ta fara ganin Modu, layi ya kai har bakin ƙofar biro, wato ofishinsu. Ana rajistar masu lambu da masu dashen itace na yankin Gure, ita ce kuma ke zaune gaban ordinatar, na'ura mai ƙwaƙwalwa, tana shigar da sunaye da adireshi.

Aikin ya yi sauƙi tun da shef ɗinsu, Rashidu, shugaban biron, ya zo da sabon tsari daga Damagaram. An zuba lambobin gidan waya a cikin na'urar, kowane yanki da tasa. Da ta buga lambar, sai gari da yanki da jiha su cika da kansu. A da sai ta zauna tana sauraren "ka wuce gawo, ka karya hagu, bayan masallaci." Yanzu lamba kawai, ta kira na gaba.

"Suna?" ta tambaya, ba ta ɗago ba.

"Modu Abatcha."

"Daga ina?"

"To, in kin bar Gidigir kika yi arewa, sai kin wuce jan tudu, akwai wani kwari mai dabino..."

"Yankin Gidigir ke nan." Ta buga lambar, allon ya cika.

Ya leƙo, ya girgiza kai. "Ikon Allah. Kakana ya haƙa rijiya, ya kafa gari, ke kin gama da shi kafin in haɗiye yawu."

Sai a lokacin ta ɗago. Dogo ne, baƙi, hannuwansa duk sun yi zane-zanen kaba. Dariya yake yi, amma idanunsa ba su shiga dariyar ba. Ta sunkuyar da kai da sauri, ta ji kunnuwanta sun yi zafi.

Daga baya ta san cewa ilimin gandun daji ya karanta a jami'a, aikinsa kuma kafa shingen kaba a kan tuddan rairayi don su daina tafiya. Ya dawo biro da uzurin gyaran suna, alhali sunan daidai yake. Ya sake dawowa da ƙullin dabino, ba uzuri ko ɗaya.

Saƙonsa na farko ya shigo tana hanyar gida:

"Salam, Mai Lamba. Yau na kafa shinge tun safe, iska ta kwantar da rabi. Na zauna ina tunanin ko akwai lambar da ake bugawa ki bayyana. In akwai, ki taimaka wa bawan Allah."

Ta karanta, ta sake karantawa, sannan ta amsa:

"Babu ita a na'ura. Amma in ka zo ƙofar gidan Malam Abarshi bayan la'asar, ka yi sallama, wataƙila a amsa."

Haka suka fara. A kan tabarmar zaure ya ba ta labarin garinsu, Fannamiri. Yana ƙaramin yaro tudu ya fara cin gonaki, ya ci rijiya, ya shigo ɗakuna. Mahaifinsa ya rasu kafin a watse, mahaifiyarsa ta bi shi ba da jimawa ba. Wani malamin lakkwal, makarantar boko, shi ne ya ɗauke shi zuwa Damagaram ya riƙe shi, shi ma yanzu ya riga mu gidan gaskiya.

"Ba ni da kowa, Nasi," ya ce. "Ki sani tun yanzu."

"Kana da ni," ta ce, muryarta can ƙasa.

"Sake faɗa, sanyin idona. Iska ta ɗauke rabi."

"Ba zan sake ba."

Da magana ta kai ga mahaifinta, Malam Abarshi, bai ce a'a ba. Ya ce a kawo masa inda za a je binciken asali, kamar yadda ake yi. Yana da dalilinsa. Babbar ƴarsa Zara baƙo ta aura, direban babbar mota. Ya tafi Libiya, shiru har yau, ba dangin da za a kama. Ga ta nan a gida da ƴaƴa, ba aure ba saki.

Nasira ba ta iya buɗe baki a kan maganar saurayi gaban mahaifinta. Ko gaban Inna ma harshenta nauyi yake yi. Sai ta bi hanya mai sauƙi: ta buɗe ordinatar, ta kwafo adireshin Modu yadda na'ura ta cika shi, ta miƙa wa Inna takardar ta gudu ɗaki.

Takardar ta ce Gidigir. Can Kawu Hamidu, ƙanen Inna, ya nufa ranar kasuwa. Ya tambayi masu unguwa, ya tambayi liman, ya bi rumfunan dillalai. Ba wanda ya san Modu ɗan Abatcha.

"Mutumin da ya yi ƙarya a kan garinsu, a kan me zai faɗi gaskiya?" in ji Malam Abarshi.

Nasira ta durƙusa bayan Inna. "Baba, ba shi ba ne. Ni ce. Na'urar ba ta san ƙauyensu ba, babban garin take bayarwa."

"To ina ƙauyen yake? Gobe Hamidu ya koma."

Ta ɓoye fuska a bayan Inna. Aka aika aka kira Modu, ya zo ya zauna nesa da tabarma, ya cire hula ya mayar.

"Baba, garin babu shi. Rairayi ya rufe shi."

"Mutanen fa?"

"Sun watse ina yaro. Ban san inda suka nufa ba."

Malam Abarshi ya daɗe yana kallonsa. Ba fushi a fuskarsa, abin da ya fi tsorata Nasira ke nan.

"Yaro, ban ƙi ka ba. Amma wa zan tambaya? Tudu? Na ba da ƴa ɗaya a hannun wanda ba a san gidansu ba, kana ganin ta kullum in ka shigo. Ka kawo mini dattawan da suka san ubanka. In babu, ka yi haƙuri, ka daina zuwa zaurena."

Modu ya ɗauki hutu ya shiga nema. Ya je Alakoss, aka ce an taɓa ganin wasu sun wuce da awaki, an daɗe. Ya bi kasuwannin ƙauye yana tambayar Fannamiri, matasa na tambayarsa ko a Najeriya take. Wani lokaci rezon waya ya ɗauke, kwanaki su wuce ba labari. Nasira ta rame. Inna ta daina yi mata faɗan abinci, sai dai ta ajiye kwano ta fita.

A biro kuwa Rashidu ya fara tsayawa a bayan kujerarta fiye da yadda aiki ke bukata.

"Madmazel Nasira, ni gidanmu a Birnin Damagaram yake, bayan fada. Ko makaho ka tambaya zai kai ka. Kawunki ba zai sha wahalar mota ba."

"Na gode, shef. Akwai mutane a layi."

Ya kai gaisuwa gida. Malam Abarshi ya karɓe shi da fara'a, amma ya ce zaɓi na yarinya ne. Bai matsa mata ba. Kallon tausayi kawai yake yi mata, wanda ya fi faɗa ciwo.

Rannan da hantsi saƙo ya shigo, da hoto. Tudu ne fari fat, ba komai sai kawunan dabino biyu da suka leƙo kamar masu neman ceto.

"Nasi, ga Fannamiri. Ina tsaye a kan ɗakin da aka haife ni, ko kusa da shi. Na kira sunan babana, ko amsa-kuwwa babu. Baba yana da gaskiya. Kada ki tsufa kina jiran mutumin da ba shi da inda za a tambaye shi. Na yafe miki alkawari. Ki yafe mini."

Ta shiga bayan biro ta yi kuka har mayafinta ya jiƙe. Ta rubuta, ta goge, ta sake rubutawa:

"Ban karɓi yafiyar ba. Alkawarin nawa ne, ba ka da ikon mayar mini da shi."

Bai amsa ba.

Ta koma kujera. Wani tsoho ya zauna gabanta, ta ce, "Daga ina, Baba?"

"To, mu dai asalinmu..."

Yatsunta har sun hau kan lambobi, sai suka tsaya. Tsofaffi duka haka suke farawa. Ba sa faɗin inda suke kwana sai sun faɗi inda aka binne cibiyarsu. Ita ce ke katse su tun da aka kawo tsarin nan. Mutum nawa ta katse? Daga cikinsu, su wa suka so su ce jan tudu?

Ta janye hannunta. "Ina jin ka, Baba. Faɗa mini duka."

Daga ranar ta daina katse kowa. Sai mutum ya gama zagayensa, ya ambaci rijiya da kuka da sunan bulama, mai garinsu, sannan ta buga lambar, ta kuma rubuta sunan ƙauyen a ɗan gurbin ƙarin bayani da ba wanda ke cikawa. Layi ya koma tsawonsa na da. Mutane na tsaki a rana.

"An kawo tsarin nan don a yi sauri," Rashidu ya ce, ransa a ɓace. "Ke kin mayar da biro dandalin tatsuniya. In rajista ta ƙare ba mu cika adadi ba, ba zan iya kare ki ba."

"Na sani, shef."

Makonni suka shige. Ta ji sunayen garuruwan da ba ta taɓa ji ba, da yawa cikinsu rairayi ya cinye. Ba Fannamiri. Damina ta zo ta wuce. Modu ya dawo Gure, in sun haɗu a hanya sai ya gaishe ta kamar baƙuwa, ya kauce. Ta fara yarda cewa sauraren nan ba zai kawo komai ba. Ta ci gaba ne kawai don ba ta san abin da za ta yi da hannuwanta ba in ta daina.

Ana saura kaɗan a rufe rajista, wata tsohuwa mai sayar da kanwa ta zauna, ta ajiye sandarta. Biba sunanta.

"Daga ina, Iya?"

"Yanzu dai a rakuɓe nake wajen jikata, bayan tasha. Amma ƴar nan, mu ba mutanen rakuɓe ba ne. In kin bar Gidigir kika yi arewa, sai kin wuce jan tudu..."

Nasira ta riƙe gefen tebur. "Akwai kwari mai dabino."

Tsohuwar ta ƙura mata ido. "Ke ƴar wace ce?"

"Iya, kin san Abatcha?"

"Abatcha na Fannami? Mai ɗingishi? Ni na yi wa matarsa wankan jego! Ɗan nasu mai manyan kunnuwa, har yau ban san inda malamin nan ya kai shi ba."

Nasira ta kifa kai a kan tebur, gaban layi duka, ta fashe da kuka.

Biba ta san inda mutum biyu suke. Su biyun suka san inda wasu suke. Ranar Juma'a bayan an sauko masallaci, tsofaffi suka cika zauren Malam Abarshi, wasu daga Alakoss, wasu daga ƙauyukan da ko mota ba ta zuwa. Rabonsu da juna tun watsewa. Kafin a zo maganar aure sai da aka yi ta lissafin waɗanda suka mutu.

Da Modu ya shigo, wani dattijo mai suna Isa ya kama fuskarsa da hannu biyu.

"Goshin Abatcha ne. Malam, ubansa ne ya fita ƙarshe daga gonarsa, yana kwasar rairayi da ƙwarya. Mun ce masa ya haƙura, ya ƙi. Taurin kai gare su, amma ba sa gudu. In yaron nan ya cuci ƴarka, ni za ka kama. Gidana ba shi da wuyar kwatance."

Malam Abarshi ya share ido da bakin rawani. "Abin da na nema ke nan. Na ba shi."

An rufe rajista ba su cika adadi ba, ba a kuma sabunta wa Nasira aiki ba. Rashidu ya zo ɗaurin aure duk da haka, ya yi addu'a ya tafi.

Da aka shafa fatiha, sanƙira ya ɗaga murya: "An ɗaura auren Nasira ƴar Malam Abarshi da Modu ɗan Abatcha, jikan Fannami, mutumin Fannamiri!"

Tsofaffin suka sunkuyar da kai. An daɗe ba a kira sunan nan a bainar jama'a ba. A cikin gida Biba ta rangaɗa guɗa, muryarta ta karye a tsakiya, Zara ta karɓa ta ƙarasa mata.

Wayar amarya ta yi motsi a ƙarƙashin lulluɓi.

"Mai Lamba, yau an tambaye ni daga ina nake, na faɗa tun daga farko har ƙarshe, ba wanda ya katse ni. Allah ya bar mu tare."

Ta goge hawaye da bayan hannu don kada lalle ya ɓaci, ta rubuta:

"Amin, mijina. In mun samu ɗa, kai za ka koya masa kwatancen. Ni zan zauna in saurara."

Allah ya ba su zaman lafiya da zuriya mai albarka, ya kuma jiƙan waɗanda ke kwance ƙarƙashin tudun.