'Yan Tsaki a Bargon Amarya

Maimunatu na durƙushe tana goge kwanukan jerenta, waɗanda ba su taɓa ganin tuwo ba kuma ba za su gani ba, sai ta ji ƙarar babur ɗin mijinta Ishaku a ƙofar gida. Ba a daɗe da kawo ta unguwar Daɗin Kowa daga unguwar Gangare a nan Jos ba, har yanzu in ta ji wannan ƙara sai murmushi ya suɓuce mata. Ya shigo jiƙe sharkaf da ruwan Agusta, rungume da kwali mai huji-huji, kwalin kuwa sai kuka yake.

"Amarya, zo ki ga arziki!"

Ta leƙa. "Maigida, 'yan tsaki? Ina uwarsu?"

"Na turawa ne, inji ya ƙyanƙyashe su. A shagon kayan gona na saya. Kowa a ofis ya saya, tunda an ce kowa ya tashi ya ciyar da ƙasa. Ƙwai kuwa, sai kin ce ya ishe ki!"

"To a ina za su kwana?"

Ishaku ya sosa ƙeya. Gaskiya Nnadozie mai shagon ya ce masa, "Oga, ka shirya musu ɗaki mai zafi tukuna, sanyin Jos ba ya wasa." Shi kuwa ya yi dariya ya ce ai kaji ne, ba jarirai ba. Ishaku mutumin kirki ne, aibinsa ɗaya, sai ya gama abu yake tunaninsa.

A zaure suka kwana. Da gari ya waye wasu sun sandare, sauran sun dunƙule a kusurwa suna makyarkyata. Maimunatu ta fashe da kuka.

"Wallahi mun ɗauki alhaki! Ba su roƙe mu mu sayo su ba."

Ba ta yi shawara da kowa ba. Ta kwashe su ta kai ɗakinta, ta janyo sabon bargon da ke kan gadon ƙarfe ta kewaye su da shi, ta kunna fitilar ƙwai, ta ajiye kaskon garwashi daga gefe. Kafin azahar sun warware suna tsattsagar dusa. Ishaku ya ji kunya ƙwarai, ya kuma ji ƙaunarta ta ƙaru a ransa.

Ana cikin haka sai ga Gwaggo Hasiya ta zo ganin ɗaki. Ita ta reni Maimunatu tun ranar da uwarta ta rasu wurin haihuwarta, ita ta haɗa jeren nan kwano bayan kwano, bargon kuwa takanas ta sa aka kawo shi daga Kano. Ta ɗaga labule, wari ya tare ta. Ga ɗan tsako ɗaya a kan murfin kwalla, ya bar shaidarsa.

"Innalillahi! Ɗakin aure ne wannan ko akurki?"

"Gwaggo, sanyi ne zai..."

"Rufe min baki! Na ba shi 'ya, ya mai da ita baiwar kaji? Ɗauko mayafinki!"

Ta juya ga Ishaku, wanda ya durƙusa har ƙasa. "Kai kuma ka ji da kyau. Ka kwashe ƙazantar nan ka zubar a bola, sannan ka zo biko. In ba haka ba, 'yata ta zauna Gangare!"

Maimunatu ta fita tana waiwaye, hawaye shaɓe-shaɓe. Ba ta iya musu da Gwaggo, ba ta kuma iya cewa a zubar.

Gida ya yi wa Ishaku faɗi. Abokansa na ofis suka yi masa ca. "Haba mai gida, a kan tsaki za ka rasa mata? Zubar kawai, in ƙura ta lafa ka sayo wasu, ai shagon bai ƙone ba!" Ya ga kamar suna da gaskiya. Ranar Asabar da hantsi ya ɗaure kwalin a bayan babur ya nufi bola. Ya sauke shi, ya ajiye, har ya juya. Ga yayyafi, ga shirwa tana shawagi, ga kukan nan yana bin sa. Ya tsaya ya daɗe.

Da la'asar aka yi sallama a gidan Gwaggo. Ishaku ne, daga shi sai singileti, haƙora na kaɗawa, ya naɗe kwali cikin suwaitarsa.

"Gwaggo, ki gafarce ni. Na kai su bola, na kasa. Laifina ne, ni na sayo su ban shirya musu komai ba. Ina son Maimunatu kamar raina, amma in na bar su can suka mutu, da wane ido zan dube ta?"

"Au! Har gidana ka kawo min su?"

Ta fizge suwaitar don ta nuna masa hanya. Sai idonta ya faɗa kan wani ɗan mitsitsi a gefe, ya kwanta, ido a rufe, yana numfashi sama-sama. Ta saki suwaitar.

"Kai, wane irin sakarai ne kai? Wa ya ce maka ana yawo da jinjiri a kan babur cikin iska?"

Kafin kowa ya ankara ta cafe shi ta tura cikin rigarta, ta dafe da tafin hannu. "Maimunatu! Garwashi, maza! Ki ɗumamo ruwa!"

Maimunatu ta fito daga bayan labule tana dariya tana kuka. Ta ajiye kaskon, ta durƙusa a gabanta.

"Gwaggo, ba ke kike ba ni labari ba? Kin ce bakwaini aka haife ni, cikin irin wannan sanyi, kowa ya ce ba zan yi rai ba. Kika yanka bargon aurenki biyu kika naɗe ni, kika ɗaure ni a ƙirjinki. A wurinki na koya."

Gwaggo ta kau da kai. Ta share ido da gefen mayafi, ta ce hayaƙin garwashi ne.

Can ta dubi Ishaku. "Tashi ka sa rigarka, kada kai ma a naɗe ka. Mutumin da ya kasa yar da tsako ba zai yar min da 'ya ba. Amma ba za ta koma ba sai ka gina musu ɗakinsu!"

Washegari Ishaku ya koma wurin Nnadozie, wannan karon ya buɗe kunne. Ya kira kafinta, aka yi akurki mai rufi da wurin fitila, sannan ya zo da goro ya ɗauki matarsa.

To 'yan uwa, mai rai ba kayan kwalliya ba ne da za ka gani a shago ka ɗauka don ya ba ka sha'awa. Ka tanadi wurinsa kafin ka kai shi gida, domin za a tambaye ka hakkinsa. Kuma in kana son sanin halin mutum, dubi yadda yake yi da abin da ba shi da bakin kai ƙara.

Ɗan tsakon nan kuwa Gwaggo ba ta mayar ba. Ya girma ya zama zakara ƙato, yana shiga ɗakinta yadda ya ga dama. Duk Sallah in aka ce a yanka shi, sai ta ɗauko muciya ta ce, "Wanda ya isa ya taɓa min Bakwaini!"